Layin da ke Cikin Tsohuwa

A shekarun da kowa a Yawunde yake cewa "kriz", wato matsin tattalin arziki, Yayana ya gama jami'a ya dawo gida ya zauna. Ilimin kwamfuta ya karanta, amma gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, waɗanda ta riga ta ɗauka ma ta rage musu albashi. Babanmu direba ne a wani ofishi, shi ma aka sallame shi. Da safe in zan tafi lise, makarantarmu ta sakandare, sai in wuce su biyun a ƙofar gida kan benci ɗaya, kowa yana kallon nasa gefen. Innarmu ce ta riƙe gidan da wake da shinkafar da take sayar wa telolin unguwarmu ta Brik.

Wani kawunmu da ke unguwar Messa shi ya tayar da Yaya daga bencin. An rufe wani ofishi kusa da shagonsa, ya kwaso tsofaffin kwamfutocin wurin ya kawo mana a amalanke, an lulluɓe su da buhu saboda ruwan sama. Yaya ya gyara waɗanda za su gyaru. Ya karɓi rabin shagon wani dattijo mai ɗinki, mutumin Kano da muke kira Baba Tela, aka raba shagon da falanki, ya buɗe siber, wurin da ake biya a shiga intanet. Ta wancan gefe keken ɗinki yana kuka, ta wannan gefe mutane suna jiran saƙonsu ya tafi.

Wayar tarho ɗaya ce tak ta haɗa shagon da duniya, kuma duk kwamfutocin sai sun bi ta cikin guda ɗaya kafin su kai ga wayar. Wannan guda ɗayar ita ce mafi tsufa. Ba ta da murfi, ana ganin hanjinta, fankarta tana ƙara kamar mai minshari. Yaya ya ajiye ta a ƙuryar shago bayan labule, ya sa mata suna Tsohuwa. Ba wanda yake taɓa ta sai shi.

Ni ce mai kawo abinci in an tashi daga makaranta. Sai in raba wa teloli kwanukansu, in zo bayan labule in zauna kan wata kujera 'yar tsugunno ina jira su gama ci. Ba ni da magana a lokacin. A aji in malami ya kira ni sai muryata ta maƙale. Amma Yaya ba ya bukatar in amsa masa, shi dai ya sami mai ji. Yana buga rubutu a baƙin allon Tsohuwa yana magana, ni kuma ina kallo.

"Auta, duk abin da mutum ya aika, saƙo ne ko hoto, ba ya tafiya ɗungurungum. Yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki a ƙunshe shi a rubuta masa lamba. Can inda za shi sai a jera ƙunsoshin bisa lamba, abu ya koma yadda yake."

Na gyaɗa kai.

"Waya kuma siririya ce, ƙunshi ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Sauran sai su jira. Tsohuwa tana da kwanuka kamar na Inna, ba su da yawa. Ƙunshi ya zo, a sa shi a kwano, kwanon ya shiga layi. In ƙunshin ya fita, kwanon ya dawo a sake zuba wani. In aka manta ba a dawo da kwano ba fa?"

Na ce a hankali, "Inna ta yi faɗa."

"Tsohuwa ba ta faɗa. Sumewa take yi."

Ta kuwa sha sumewa a farkon lamarin, har sai da Yaya ya zauna ya sake rubuta wannan ɓangaren da hannunsa. Ban iya karanta yaren da yake rubutu da shi ba, amma na san siffar shafin kamar yadda na san zanen atamfar Inna. Na san inda layukan suke shiga ciki da inda suke fitowa. Na san kalmomin Ingilishi biyu da ya nuna mini, ɗaya tana nufin kai, ɗaya tana nufin wutsiya, kowacce harafi huɗu. Doka ɗaya ce: sabon zuwa ya tsaya a wutsiya, mai fita ya fita ta kai. In kwanuka suka ƙare, wanda ya zo daga baya a yar da shi, kwamfutar da ta aiko shi za ta sake aikowa.

Wata rana wani alhaji mai shigo da yadi ya ɗaga labule ya leƙo, ransa a ɓace.

"Yaro, ka sa nawa ya wuce. Waɗannan samarin hira kawai suke yi, ni kaya nake jira."

Yaya ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Alhaji, da ni ne da na sa. Amma Tsohuwa ba ta san babbar riga ba."

Baba Tela ya ƙyalƙyale da dariya ta bayan falanki, alhajin ma sai da ya murmusa. Da ya fita Yaya ya dube ni ya ɗaga gira. Ranar na koma gida da tiren kwanuka a ka ina jin kamar da ni aka rubuta dokar.

Ana cikin damina wata budurwa ta fara zuwa shagon. Ɗaliba ce a jami'a, gidansu a unguwar Cité Verte, iyayenta mutanen arewa ne daga wajen Ngaoundéré. Yayarta tana Turai tana sayar da riguna masu aiki, ita kuma tana zagaya telolin Brik ta ɗauki hoton ɗinki, ta kawo hotunan a kan disket, ƙaramin faifan kwamfuta, ta aika. Abin da na fara gani a jikinta takalmi ne. Duk wanda ya shigo shagon da jan taɓo yake shigowa, ita nata fes, domin taksi ke sauke ta a bakin ƙofa. Disket ɗinta a cikin hankici take naɗe su. In ta zauna takan zare abin hannunta ta ajiye gefe don kada ya bugi tebur.

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ranar farko ta gan ni da tire ta ce, "Sannu, ƙanwa. Kana wace aji?"

Na dubi Yaya ina jira. Shi ne mutumin da in na ce "wannan rana ne" sai ya tsayar da ni ya ce "ce". Ita kuwa bai gyara mata ba. Ya ja mata kujera a kwamfutar bakin taga, ya goge kujerar da hannun rigarsa.

Daga nan kwamfutar bakin taga ta zama tata. Yaya ya fara goge rigarsa da dutsen gugar Baba Tela kafin la'asar. Ya canja wa kwamfutar linzami, ya ɗauko na ƙurya mai kyau ya kai mata. Baba Tela ya riƙa ɗaga murya ta bayan falanki.

"Injiniya, yau ma tagar ce ta lalace?"

"Baba, aiki nake yi."

"Na gani. Aikin har da turare. Ni shekara nawa ina ɗinki ban taɓa shafa wa keke turare ba."

Ni ban daina zama bayan labule ba, sai dai yanzu ni da Tsohuwa ne kawai, da minsharinta. Ta gefen labulen ina hango bayan Yaya, ya sunkuya kan teburin taga. Hotuna suna da nauyi, suna daɗewa kafin su tafi, saboda haka hira ba ta ƙarewa. Da Faransanci suke yi, wani lokaci ta jefa masa Fillanci ya yi kamar ya gane.

Wata la'asar na ji ta tambaye shi dalilin da ya sa hoto yake jinkiri haka. Na kasa kunne. Sai na ji ya ce mata Tsohuwa tana da kwanuka kamar na mahaifiyarsa. Ya faɗa mata ƙunshi, ya faɗa mata layi, ya tambaye ta in aka manta ba a dawo da kwano ba fa. Ta yi dariya har da taɓa hannunsa. Ni na ɗauka kwanukan nan domina aka ƙirƙiro su, don ni ce mai ɗaukar su. Ashe magana ce da za a iya juyawa zuwa Faransanci a ba kowa. Na tashi na bi teloli ina karɓar kwanuka tun ba su gama ci ba, har wani ya ce, "Ke Auta, yau da yaƙi kika zo?"

Ba a daɗe ba na ga shafin ya canja. Yaya ya bar shi a buɗe ya tafi salla. Na matso da kujerata. A tsakiya, inda na saba ganin layi ɗaya, akwai sababbi biyu da suka shiga ciki. A na farko na ga lambar da ke manne a gefen kwamfutar taga. A na biyu na ga kalma mai harafi huɗu, amma ba wadda ta saba zama wurin ba. Kai ne aka rubuta inda wutsiya take. Ban bukaci kowa ya fassara mini ba: in ƙunshi daga taga ya fito, kada ya bi layi, a ɗora shi a gaba.

Da ya dawo na nuna da yatsa.

"Yaya, wannan fa?"

"Gwaji ne."

"Alhaji fa?"

Ya dube ni kamar bai san na iya haɗa magana biyu a jere ba. Ya ce, "Tashi ki kai wa Inna kayanta, hadari ya taso."

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Kwamfutar taga ta lalace. Hoton da a da yake tafiya kafin ta gama shan lemonta, yanzu sai ya kama hanya ya tsaya, ya ɗan motsa ya sake tsayawa. Samarin da ke hira a sauran kwamfutoci ba su ji wani bambanci sosai ba, ita kaɗai ce take zaune tana buga farce a tebur. Yaya ya canja mata waya, ya hure ƙura, ya ɗora laifin kan ruwan sama. Ya mayar da ita kwamfutar tsakiya, ya shiga bayan labule ya canja lambar da ke shafin, sai cutar ta bi ta can.

"Ni ce wannan shago ba ya so," in ji ta, tana dariya amma ba har ciki ba. Ta ce an buɗe wani siber kusa da gidansu, mai sanyi, mai kujerun soso. Ta ce za ta gwada nan sau ɗaya kuma, in bai yi ba shi ke nan.

Na ji daɗin wannan magana har cikin ƙashina. Na riƙa hango shagon ba ita, kujerar taga da wani saurayi a kai, Yaya ya dawo bayan labule. Amma da na ƙara tunani a hanyar gida, tsakanin hayaƙin masu tsire, sai na ga tafiyarta ba za ta ishe ni ba. In ta tafi layukan nan biyu suna nan a shafin, suna jiran ta ko wata. Abin da nake so shi ne Yaya ya goge su da hannunsa, ina zaune ina gani, ya ce dokarmu ta farko ita ce daidai.

Ranar da ta zo gwajin ƙarshe Yaya bai taɓa abincinsa ba. Ya mayar da ita taga da hotonta ya dawo bayan labule, ya mayar da lambar tagar a shafin, ya sa Tsohuwa ta riƙa buga lambar kowane ƙunshi yayin da yake fita, da lambar kwamfutar da ta aiko shi. Lambobi suka riƙa gangarowa a allo. Shi yana duba ko akwai waɗanda ake yarwa, ko kwanuka ne suke ƙarewa. Ba a yar da ko ɗaya nata ba. Ya riƙe haɓa.

Ni ba abin da na sani game da yarwa. Lambobin kawai nake bi da ido, ina karanta su a zuci da Faransanci kamar yadda muke yi a aji. Na samarin suna hawa, ɗaya bayan ɗaya. Nata kuwa in sun zo a dunƙule sai su sauko. Ban san na buɗe baki ba sai da na ji muryata tana ƙirga sha shida, sha biyar, sha huɗu.

"Seize, quinze, quatorze."

"Me kika ce?"

"Nata da baya-baya suke fita."

Ya matso da fuskarsa kusa da allo. Na ce, ina kallon ƙasa, "Kamar tarin Baba Tela ne. Duk wanda ya kawo yadi sai a ɗora a sama. Na saman ake fara ɗinkawa. Wanda ya fara kawowa nasa yana can ƙasa."

"Kai!" in ji Baba Tela ta bayan falanki, keken ya tsaya. "Ni ake ci da baki a shagona? Wa ya taɓa rasa kayan sallarsa a wurina?"

"Ni, Baba," in ji wani saurayi daga cikin masu hira. "Bara da tsohuwar riga na je idi."

"Kai naka yadin ne ya ƙi ɗinkuwa, ɗan nema."

Yaya bai ji su ba. Ya dafe kai da hannu biyu, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa don kada ta jiyo. Ya ce, "Wayyo ni. Na sha huɗu ya zo na sa shi a gaba. Kafin ya fita na sha biyar ya zo, na sa shi a gabansa. Na sha shida ya zo ya tsallake su duka. Ita da kanta take tsallake kanta." Ya juyo gare ni, idonsa yana ƙyalli kamar da. "Can kuma suna ganin na sha shida ya iso babu na sha huɗu, sai su ce ya ɓata, a sake aikowa. Kwamfutarta ta sake aikowa, ta kuma rage gudu don tana zaton hanya ce ta cushe. Auta, kin gani? Kin gani ko?"

Na gani. Ya daɗe bai yi mini magana haka ba, da dukan fuskarsa. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce, "To sai a goge ke nan, Yaya. A koma layi ɗaya, kowa ya bi wutsiya, yadda ka ce."

"A goge?" Hannunsa ya riga ya hau kan madannai. "A'a. Ba sa ta a gaba ne kuskuren ba, yadda na sa ta ne. Layi biyu za a yi."

Ina zaune ya rubuta. Layi na farko na taga ne kaɗai, sabon zuwa a wutsiya, mai fita ta kai, ba mai tsallake wani. Layi na biyu na kowa da kowa, shi ma haka. In waya ta sami sarari, Tsohuwa ta fara duba na farko. Sai in babu komai a cikinsa za ta waiwayi na biyu. Ya raba kwanukan ma, ya ware wa layin farko nasa don kada na samari su cinye su.

Na ce, "In na farkon bai ƙare ba fa?"

"Hotuna ne, suna ƙarewa."

"Na biyun kwanukansa sun ragu. Za a riƙa yar da nasu."

"Za su sake aikowa." Bai ɗago ba. "Miƙo mini abincin nan, yunwa nake ji."

Ya ci da hannu ɗaya yana jira Tsohuwa ta haɗiye sabon rubutun. Ya ba mutane haƙuri ya kashe ta ya kunna. Fankar ta yi tari ta kama. Ya leƙa ta labule ya ce wa ta taga ta sake gwadawa.

Ban ga allonta ba, muryarta na ji. Ta yi wata 'yar ƙara, ta tafa hannu, ta ce da Faransanci ya tafi, ya tafi duka. Ta sa na biyu, shi ma ya tafi. Samarin suka fara gunaguni cewa nasu ya tsaya, Yaya ya ce su yi haƙuri, ruwan sama ne.

Bai ɓoye ba, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Ya kamo hannuna ya fito da ni gaban labule ya ce mata ƙanwarsa ce ta gano cutar. Ta taso da ƙamshinta ta riƙe kumatuna da hannu biyu, tafinta da sanyin kwalbar lemo.

"Kai ne? Ashe kana da kai haka, kana zaune shiru! Gobe zan zo da hoto da yawa, ka zauna kusa da ni ka gani."

Na ce to. Baba Tela ya zagayo da tsinken allura a baki don ya ga abin da ake yi wa tafi. Ya dube ta, ya dubi Yaya, ya daɗe yana dubana. Ya zare allurar ya ce, "Auta, ashe kin iya ɗinki. Sai dai ba awonki kika yanka ba." Ita ba ta gane ba, Yaya kuma yana nuna mata wani abu a allo.

Ba ta koma siber mai sanyin ba. Washegari ta zo da disket cike da hankici, har da wata jaka. A ranar malamin tarihi ya ba mu aikin bincike, Yaya ya ce in zauna a kwamfutar ƙurya tunda ba kowa. Na buga abin da nake nema, na danna, allo ya yi fari ya tsaya. Sauran mutanen shagon suna tsaki, suna cewa waya ce, suna cewa kriz ta shiga har cikin kwamfuta. Ni kaɗai na san inda ƙunshina yake. Yana layi na biyu, a cikin kwano in ya sami kwano, yana jira riguna masu aiki su gama wucewa.

Can Yaya ya ɗaga murya daga taga, bai juyo ba.

"Auta, naki yana tafiya?"

Na ce, "Yana jira."

Ya ce, "To madalla," ya ja kujerarsa ya ƙara matsawa don ya ga hoto na gaba.